Tikitin Kofin Duniya: ƙuri'a ko rige-rige?

Masu shirin zuwa kallon Kofin Duniya sun yawaita tambayata: su shiga ƙuri'ar tikiti ne, inda sa'a ke zaɓar waɗanda za su samu damar saya, ko su jira zangon rige-rige, inda wanda ya riga saya shi ke samu? FIFA ta yi amfani da duka biyun a gasar Qatar ta 2022.

Ta fuskar adalci, ƙuri'a ta fi kwanta min a rai. Ana buɗe rajista na tsawon kwanaki, kuma wanda ya nema ranar farko da wanda ya nema ranar ƙarshe duk ɗaya ne. Saurin intanet ba ya ba kowa fifiko. Matsalarta jira: sai sakamako ya fito za ka san matsayinka, alhali kuɗin jirgi da masauki suna ta hawa.

Rige-rige kuwa nan take ne, ka biya ka samu tabbaci. Sai dai mai intanet mai ƙarfi da 'yan bumburutu su ke cin kasuwar, kuma tikitin manyan wasanni ba ya daɗewa. Wannan yana damuna ƙwarai.

Mai burin wasan ƙarshe, ko mai raunin intanet, ƙuri'a ta fi masa. Wanda kuɗinsa ke hannu, yana son ya nemi biza da wuri, kuma kowane wasan rukuni ya ishe shi, rige-rige ya dace da shi.