Kulob ɗin koyon jawabi da nake zuwa a Nasarawa

Ni malamar firamare ce, kuma tsayawa gaban yara bai taɓa ba ni wahala ba. Taron iyaye da malamai ne damuwata. Da zarar shugabar makaranta ta ce, "Malama, tashi ki yi wa iyaye bayanin jarrabawa," sai maƙogwarona ya bushe, takardar hannuna ta kama rawa. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin kulob na masu koyon jawabi da ke zama ranar Asabar bayan la'asar a unguwar Nasarawa ta birnin Kano.

Tsarin zaman sun kwaikwayo shi ne daga Toastmasters, ƙungiyar da Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya ta Amurka a 1924. Jawabin da mutum ya shiryo daga gida minti 5 zuwa 7 ne. Mai kula da lokaci yana zaune a gaba da kati uku: kore a minti na 5, rawaya a na 6, ja a na 7. Akwai kuma sashen ba-zata, a jefo tambaya ka miƙe nan take ka yi minti 1 zuwa 2. Ni an tambaye ni ko daidai ne a hana adaidaita sahu aikin dare.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne gyara. Akwai wanda aikinsa kawai ƙirga "eh", "wato" da "kun gane" a bakin kowa, a ƙarshe ya karanto lissafi. Sannan kowane mai jawabi yana da wanda zai tashi ya faɗi inda ya yi kyau da inda ya gaza. Wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya ita ta duba nawa. Ta ce, "Ƙanwata, maganarki da ma'ana, amma fankar sama kika yi wa jawabi. Ki zaɓi fuska ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ki riƙa zagaya su." Ta kuma nuna mini yadda nake murza bakin mayafina duk lokacin da zance ya ƙwace mini. A makaranta ba wanda zai gaya mini haka, kara ba za ta bari ba. A taron iyaye na zangon da ya wuce na yi bayanina ba tare da karantawa daga takarda ba, Alhamdulillahi.

Inda nake da ƙorafi shi ne harshe. Kusan komai da Turanci ake yi, alhali yawancinmu da Hausa za mu yi magana a walima, a taron unguwa, ko gaban 'yan ƙungiya a Kantin Kwari. Garin nan fa shi ya haifi marigayi Alhaji Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, wanda ya taɓa zama wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ko da Hausa ko da Turanci in ya buɗe baki taro tsit yake yi. Me zai sa mu horar da harshe ɗaya mu bar ɗayan?

Wasu ƙa'idojin ma ba su zauna daidai da al'adarmu ba. Ana ce mana mu shiga batu kai tsaye, amma wa zai tsaya gaban iyaye da malamai a Kano bai yi sallama da salati ba, bai gaida manya ba? Abin da muke buƙata shi ne yadda za a cika wannan ladabi cikin rabin minti, kada ya cinye rabin lokacin. Haka ƙura wa mai sauraro ido: ga tsaranka ba laifi, ga sa'an mahaifinka kuwa rashin kunya ne.

Sai latti. In aka makara da farawa, kiran magariba kan yanke sashen gyara, wanda saboda shi muka zo. Mata ma ba mu da yawa.

Kuɗin wata ba shi da nauyi, na hayar ɗaki ne da ruwan sha, kuma baƙo yana iya zama ya kalla kafin ya yi rajista. Ina ba malamai 'yan'uwana shawarar su gwada, musamman mata. Na nemi a riƙa ware zama ɗaya a wata na Hausa zalla, an ce za a jarraba, kuma na riga na sa sunana zan yi magana kan cunkoson ɗalibai a aji.