Sefaria: inda ake gano ayar da tatsuniyar Yahudawa ta tsiro

Sefaria ɗakin karatu ne na kyauta a intanet, da shafi da manhajar waya, ya tara Attaura da Talmud (kundin muhawarorin malaman Yahudawa na dā) da littattafan Midrash (tafsirinsu na ayoyi) wuri guda. Ga mai bin sawun tatsuniyoyin Yahudawa, amfaninsa guda ne amma babba: ka taɓa aya, sai gefen allo ya buɗe ya jero rubuce-rubucen da suka rataya a kanta.

Gwada da labarin Sulemanu da Ashmedai, sarkin aljanu. Rubuta "Gittin 68a", wato shafi na 68a a littafin Gittin na Talmud, a wurin bincike. Za ka tarar Sulemanu ya aiki bafadensa Benayahu da sarƙa da zobe mai ɗauke da sunan Allah, ya tsiyaye ruwan ramin da aljanin ke sha, ya cika shi da giya, ya ɗaure shi bayan ya bugu. Duk wannan wahalar don a samo shamir ne, ɗan abin da ke tsaga dutse ba da ƙarfe ba. Taɓa layin, sai ga 1 Sarakuna 6:7, ayar da ta ce ba a ji ƙarar guduma ko gatari ba lokacin gina Haikali, ɗakin ibadar da Sulemanu ya gina a Urushalima. Ashe labarin amsa ce ga tambayar da ayar ta bari: to da me aka sassaƙa duwatsun? A 68b kuwa, korar Sulemanu daga gadon sarauta an ɗora ta ne kan Mai-Wa'azi 1:12, inda ya ce ya taɓa zama sarki a Urushalima.

Labarin Ibrahim da fasa gumakan mahaifinsa, wanda Musulmi suka sani a Suratul Anbiya, ba ya cikin Farawa, littafin farko na Attaura, ko kaɗan. Buɗe Farawa 11:28, zaɓi Midrash, zai kai ka Bereshit Rabbah 38:13, littafin Midrash kan Farawa, inda labarin yake.

Aibun Sefaria na farko harshe. Babu Hausa, galibi Turanci ne da Ibrananci, wasu littattafan ma ba a gama fassara su ba. Binciken suna yana yaudara, domin "Asmodeus" da "Ashmedai", duk da sunan aljani ɗaya ne, ba sakamako ɗaya suke bayarwa ba, gara ka nema da lambar shafi. Lambar aya a Zabura kan saɓa da ta Littafi Mai Tsarki na Hausa da ɗaya ko biyu, saboda Ibrananci yana ƙirga kan maganar a matsayin aya. Mai ƙarancin data ya sauke littattafan cikin manhajar tun yana kan wayifai.