Kafin ka sayi laftof mai makunnin kashe kyamara da makirfo

Tun da aka ga hoton Mark Zuckerberg, mai Facebook, a 2016 ya liƙe kyamarar kwamfutarsa da salatif, jama'a suka farga. Sai dai salatif ido kawai yake rufewa, kunne yana nan a buɗe. Abin da za ka tambaya kafin ka zaro kuɗi shi ne: makunnin nan wutar kyamarar yake yankewa, ko manhaja yake roƙo ta yi shiru? In manhaja ce, wanda ya yi maka kutse zai iya sake kunna ta ba ka sani ba.

Ni dai Framework na zaɓa, ba na ɓoyewa. Kamfanin Amurka ne, ya fara fitar da laftof a 2021. A saman allon akwai 'yan makunnai biyu, ɗaya na kyamara, ɗaya na makirfo, kowanne cin gashin kansa yake, kuma wutar suke yankewa. Kana taron Zoom da safe, fuska ba wanki, sai ka ture na kyamara da farce ka ci gaba da magana. In taron ya ƙare ka ture ɗayan, yara su yi ta hayaniyarsu. Ga shi da sukuddireba guda za ka kwance ta ka canza abin da ya lalace. Wahalarta samu, sai ka nemi mai zuwa daga Amurka ko Ingila ya riƙo maka.

Laftof ɗin Librem 14 ta kamfanin Purism ma tana yanke wutar da gaske, amma ta haɗa kyamara da makirfo a makunni ɗaya, ga tsada. ThinkShutter da ke kan laftof ɗin Lenovo murfin kyamara ne kawai. MacBook ta Apple tun daga na 2018 tana yanke makirfo, amma sai ka rufe kwamfutar.

Inda aka fi cutar mutane shi ne wajen 'yan tarkacen da ake sayarwa daban. Na taɓa sayen murfin roba na liƙawa a wani shago, mai shagon na ta rantsuwa, "Wallahi yallaɓai ba ya komai." Da na tashi daga aiki na rufe kwamfutar na ji ƙas, layi baƙi ya tsaga allon daga sama. Apple da kansa ya gargaɗi masu MacBook kan irin wannan murfi a 2020. Akwai kuma wani ɗan toshi da ake cusawa a ramin iyafis wai yana toshe makirfo. Yaudarar kwamfutar kawai yake ta zaci an saka na waje, na cikin yana nan da ransa. Maɓallin F4 mai hoton makirfo a ThinkPad ta Lenovo shi ma manhaja ce, ko da 'yar fitilarsa ta kama.

In ta hannu za ka saya, gwada a gaban mai shagon. Ture makunnin, ka buɗe Device Manager, wato jerin na'urorin kwamfuta a Windows, ka duba ko kyamarar ta ɓace daga jerin. Sannan ka naɗi muryarka ka saurara. In ya ce sauri yake, riƙe kuɗinka.