Atoll, Planet ko ta kyauta: wace manhaja ta dace da tsara rezo a Adar?

Jihar Tawa ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce. Tudun duwatsun Adar da kwarin Keita da na Majiya kan tare wa ƙauye rezo, alhali anten ba ta da nisa da shi. Shi ya sa ake fara gwada komai a kwamfuta, da manhajar da ke hasashen inda siginar waya za ta kai, kafin a kafa ƙarfe.

Atoll ta kamfanin Forsk na Faransa ita ce wadda injiniyoyi suka fi sabawa da ita. Tana ɗaukar 2G har zuwa 5G a aiki guda, ta raba mitar rediyo tsakanin anten-anten, ta nuna inda wata ke shiga wa wata. Planet ta kamfanin Infovista da wata manhaja mai suna ASSET kusan aikin ke nan suke yi, bambancinsu ya fi fitowa a farashi da kulawa bayan saye. HTZ ta kamfanin ATDI an san ta da lissafin katsalandan tsakanin sigina, abin dubawa ga mai aiki a Birnin Konni, inda siginar Najeriya ke tsallako iyaka.

Radio Mobile kyauta ce, kuma ta isa a duba ko tudu zai tare hanya tsakanin wurare biyu. Amma ba ta lissafa cunkoson masu kira ranar kasuwa, don haka ba da ita ake tsara rezon kamfani ba.

A ganina sunan manhaja ba shi ne babban lamari ba, taswira ce. Bayanan tsayin ƙasa na SRTM da aka ɗauka a 2000 kyauta ne, sai dai kowane ɗigo mita 30 ne, kuma ba ya bambanta gidan laka da na siminti. Lissafin Okumura-Hata kuwa, wanda ake hasashen raguwar ƙarfin sigina da shi, daga awon da aka yi a Tokyo ya samo asali. In ba a zaga da mota an auna sigina a Bouza ko Madawa an daidaita shi ba, hoto mai kyau kawai manhajar za ta ba ka.

Saboda haka ka nemi lasisin gwaji, ka zuba naka awon a ciki, ka ga wadda hasashenta ya fi kusa da abin da ka auna. Ka tambaya ko tana aiki in intanet ya yanke, da ko akwai horo da Faransanci. Kuɗin kulawa na shekara-shekara ma a rubuta shi a kwangila tun farko, don yawanci da yuro ko dala ake biyansa.