Shagon 'yan tsanan KAWS a Wuse 2: kayan ado ne, kada a sayar muku da sunan jari

Sana'ata ƙawata shaguna da ofisoshi, kuma a 'yan shekarun nan babu hoton da samarin Abuja masu buɗe wurin aski ko wurin shan kofi suke turo mini a WhatsApp kamar na ɗan mutum-mutumin nan na KAWS mai alamar X a madadin idanu. Ɗan wata aminiyata da ke haɗa shagon aski a Gwarinpa ya kafe sai an ɗora masa guda a kan kanta, shi ya sa na nemi inda ake sayarwa. Aka kwatanta mini wani shago a hawa na biyu na wata filaza a Wuse 2, inda suke sayar da kambas masu tsada, riguna, huluna da waɗannan 'yan tsana.

Wurin tsaf yake, sanyin AC har ya so ya yi yawa. Abin da ya fara burge ni shi ne ba su cuɗa kaya ba. Na ainihi suna cikin durowar gilashi a kulle, jabun kuma suna kan wata kanta a fili, kuma yaron shagon, wani ɗan Jos mai fara'a, tun kafin in tambaya ya ce: "Hajiya, waɗannan kwafi ne, kada ki ga arha ki ɗauka garaɓasa ce." A garin nan da ake rantse maka da Allah a kan jakar da ɗinkinta ya karkace, wannan kaɗai ya isa a yaba.

Yaron ya san kayansa. Ya ɗauko na ainihi ɗaya da jabu ɗaya ya ɗora mini a tafin hannu. Tsayinsu ɗaya, wajen inci 11. Na ainihin ya fi nauyi, fentinsa a kwance lumui, babu ƙyalli. Jabun kuwa yana sheƙi, yana warin sabuwar roba, kuma fentin X ɗin da ke bayan safar hannunsa ya ɗan zarce layi. Sai ya kifa na ainihin ya nuna mini tafin ƙafarsa: a ƙafa ɗaya sunan KAWS da shekarar da aka fitar da shi, a ɗayar sunan Medicom Toy, kamfanin Japan da ke ƙera su. Jabun ma yana da rubutun, amma haruffan sun kumbura, sun cushe da juna.

Ga wanda bai san mai abin ba, KAWS laƙabin wani mai zane ne, sunansa na gaskiya Brian Donnelly, haifaffen Jersey City a Amurka a 1974. Da rubutun bango ya fara, yana fesa KAWS a jikin gine-gine da allunan talla. Da ya koma New York karatun zane, sai ya ɓullo da wata dabara: ya buɗe akwatin talla na tashar bas ko na rumfar tarho, ya zare fostar, ya tafi da ita gida ya zana ƙoƙon kai mai idanun X a kan fuskar mai tallar, sannan ya mayar da ita inda ya ɗauko. A 1999 wani kamfanin tufafi na Japan mai suna Bounty Hunter ya fitar masa da ɗan tsanansa na farko, Companion, mai jiki irin na Mickey Mouse da kai irin ƙoƙon kan gawa, 'yan ɗaruruwa kacal. Daga nan abu ya yi ta gaba: bangon faifan mawaƙi Kanye West a 2008, aiki da kamfanin tufafi na Dior a 2018, wani ƙaton Companion na iska kwance a kan ruwan tashar Hong Kong a 2019, da babban baje koli a gidan tarihi na Brooklyn a 2021.

Har nan lafiya lau. Inda muka saɓa shi ne da mai shagon ya shigo, ya ji ina taya farashi, ya karɓe zancen daga bakin yaronsa. "Hajiya, wannan ba kayan wasa ba ne, kadara ce. Zanen mutumin nan an sayar da shi kusan dala miliyan 15." Bai yi ƙarya ba. A watan Afrilun 2019 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da zanensa mai suna The KAWS Album a Hong Kong a kan dala miliyan 14 da ɗoriya, alhali ƙiyasin da aka yi masa bai wuce miliyan ɗaya ba. Amma wancan zane ne guda ɗaya tilo a duniya, na 2005, kuma daga hannun Nigo ya fito, ɗan Japan ɗin da ya kafa kamfanin tufafin A Bathing Ape, wanda sunansa kaɗai yana ƙara wa kaya daraja. Abin da ke cikin gilashin Wuse 2 kuwa, a tafin ƙafarsa an rubuta "Open Edition", wato ba a ƙayyade adadin da za a ƙera ba. Irinsa ne shagon gidan tarihin MoMA na New York ya sayar a kan dala 200 a 2017, har cunkoson masu saye ya durƙusar da shafinsu na intanet. Abin da dubban mutane suke da shi a ɗaki, ta ina zai yi tashin gwauron zabi? Ko zanukan nasa ma ba su sake kai farashin 2019 ba.

Mu mata mun san jari idan mun gan shi. Sarƙar gwal, ranar da ta ɓaci sai ki kai ta kasuwar Wuse, a ɗora a sikeli, a ƙirga miki kuɗinki kafin la'asar. Wannan fa? Wa zai saya a hannunka a Abuja? Sai dai ka nemi mai saye a waje, shi kuma tambayarsa ta farko ita ce ina kwalinsa, ina shaidar inda aka saye shi.

A nan ne shagon ya fi ba ni haushi. Na tambayi kwanson robar da ɗan tsanan yake zuwa a ciki, mai shagon ya ce ai yana cire su tun a can kafin a yi lodi, saboda kuɗin kago da girman kaya ake lissafawa. Wato da hannunsa yake zubar da wani kaso na darajar abin da yake kira kadara. Masu tara irin waɗannan kaya, wanda ba a taɓa buɗewa ba shi suke rububi, wanda ba shi da kwanso kuma sai an karya masa farashi. Rasit ɗin da suke bayarwa ma "toy" kawai ake rubutawa da kuɗi, babu suna, babu launi, babu shekara. Sai da na sa yaron ya ƙara su da biro, mai shagon ya sa hannu yana ƙunƙuni. Sannan biyu daga cikin na ainihin an jera su a bakin taga, rana tana dukansu tun hantsi. Mai ruwan toka har kafaɗarsa ɗaya ta fara sauya launi. Na nuna musu, aka ce za a matsar.

Akwai kuma maganar da ba a so a yi a irin waɗannan wurare: mutum-mutumi ne, kuma mun san abin da malamai suke faɗa a kan ajiye shi. Ni a ɗakina ba zan ajiye ba, na kuma gaya wa yaron aminiyata ya yi shawara da mahaifiyarsa tun kafin ta zo buɗe shago ta gani. Ga mai wannan damuwar, suna da rigunan da KAWS ya yi da kamfanin tufafi na Uniqlo, sai dai su ma akwai Companion ɗin a ƙirji.

A ƙarshe jabun na saya masa, da saninsa da yardarsa, domin a wurin aski tsakanin gashi, hoda da hannun yara, na ainihi asara ce. Ragowar kuɗin ya tafi a kan madubai da fitilu masu kyau. Suna karɓar tiransifa da POS, suna kuma aika kaya da ɗan babur cikin gari, amma ku ce a naɗe shi da kyau, domin namu a leda ɗaya tal ya iso Gwarinpa. Wurin ajiye mota a filazar ƙunci gare shi, gara a je kafin azahar.