Rahoto ga Yaya kan ƙetare iyakokin Turai a kan keke

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ga bayanin da ka nema game da doguwar tafiyar da na yi a kan keke daga Jamus zuwa Sabiya. Abin da na gano shi ne, mai keke ba a bakin shinge yake sanin ya bar wata ƙasa ba, sai lokacin da wayarsa, kuɗin aljihunsa da hanyar da ke ƙarƙashin tayarsa suka sauya masa hali.

Na fara ne daga Kehl ta Jamus na shiga Strasbourg ta Faransa, ta kan gadar da aka buɗe a 2004 a kan kogin Rayin domin masu tafiya a ƙasa da masu keke kaɗai. Babu wanda ya tsayar da ni, domin ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Shengen ta ɗage bincike a iyakokin ƙasashen da ke cikinta, wadda aka sa wa hannu a 1985 ta kuma fara aiki a 1995. Duk da haka fasfona da katin izinin zamana suna cikin jakar da ke gaban keken, saboda tun 16 ga Satumba 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, kuma baƙo irina katin zama kaɗai ba ya isarsa, sai ya haɗa da fasfo. Izinin da Jamus ta ba ni ya halatta mini yawo a sauran ƙasashen Shengen na kwana 90 kawai a cikin kowane kwana 180. Dokar hanya ma ta sauya: a Faransa haramun ne mai keke ya toshe kunnensa da abin jin sauti, kuma idan dare ya same shi a wajen gari dole ne ya sa riga mai ƙyalli.

Iyakar Suwizalan ita ce ta fi yaudarar mutum. Ƙasar ta shiga Shengen a 2008, don haka ba a buga hatimi, amma ba ta cikin Tarayyar Turai, shi ya sa har yanzu kwastan suna nan. Suna da ikon buɗe jakunkunan keke, kuma naman da ya wuce kilo 1 ga mutum ɗaya sai an biya masa haraji. Kuɗinsu faran ne ba yuro ba. Babban tarkon kuwa yana cikin waya, domin dokar 2017 da ta ba mai layin wata ƙasar Tarayyar damar kira da shiga intanet a sauran ƙasashen ba tare da ƙarin caji ba, ba ta shafi Suwizalan ba. Daga Basel zuwa gabas hanyar tana ta shiga da fita tsakanin Suwizalan da Jamus a gefen kogi, wayar kuma tana kama layin da ya fi ƙarfi ba tare da ta tambaye ka ba, don haka na rufe intanet na dogara da taswirar da na sauke tun a gida. Sai dai in faɗi gaskiya, ban ga inda alamun hanyar keke suka kai na Suwizalan tsari ba. Kowace mararraba da jan allo mai lambar hanya, ga kuma famfunan ruwan sha a tsakiyar ƙauyuka.

Wajen kayan gyara, Jamus da Ostiriya sun fi kwantar da hankali. A bakin wasu shagunan keke akwai na'urar da ake jefa mata kuɗi ta fito da tif ko da tsakar dare, abin da ke da amfani ƙwarai tunda ranar Lahadi shaguna a rufe suke. Abin da zan ja hankalin duk mai niyyar irin wannan tafiya a kai shi ne bawul, domin iri uku ne ake amfani da su, kuma famfon da bai dace da bawul ɗinka ba, kaya ne kawai kake ɗauke da shi. Na tafi da tif biyu, kayan faci, wayar birki da famfo mai baki biyu, ban kuma yi nadamar nauyinsu ba.

Daga Passau na bi kogin Danub a kan hanyar da ake kira EuroVelo 6, na ratsa Ostiriya da Sulobakiya zuwa Hungari, inda na canji kuɗi zuwa forint, ba tare da an nemi ko takarda ɗaya ba.

Iyaka ta sosai sai a tsakanin Hungari da Sabiya, inda Shengen ta ƙare, kuma a nan na yi kuskuren da ya ci mini rabin yini. Babbar ƙofar da ke kan titin manyan motoci ba ta mai keke ba ce, sai na nufi wata ƙarama da na gani a taswira, ina isa jami'in ya duba fasfona ya shaida mini cikin ladabi cewa ƙofar ba ta karɓar kowane irin fasfo, kuma da yamma ma rufe ta ake yi. Haka na juya na nemi wadda ke buɗe ga kowa. A can na bi layin ƙananan motoci, aka duba katin zamana, wanda Sabiya ke amincewa da shi a madadin biza ga ɗan gajeren zama, aka buga mini hatimi, keken kuwa ko kallonsa ba a yi ba, domin ba a neman masa lasisi ko inshora kamar mota.

A Sabiya kuɗi dinari ne, layin waya sai na sayi sabo, kuma doka ta ce a yi wa baƙo rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24, aikin da masauki ke yi a madadinsa. Mai kwana a tanti kuwa shi zai kai kansa. Na adana takardar rajistar tare da fasfo har ranar fita. Da zan komo cikin Tarayyar na cinye guzurina tun kafin shinge, saboda ba a yarda matafiyi ya shigo da nama ko madara daga waje ba.

A gaishe mini da Inna da yara.