Kibod da maus: me za ka duba kafin ka biya a Computer Village

Jama'a duk wanda zai shiga kasuwar Computer Village ta Ikeja ko kasuwar Alaba a Legas sayen kibod da maus, don Allah kar fitilun nan masu kala-kala su ruɗe shi, abin da ke ƙarƙashin maɓallan shi ne maganar.

Kibod ɗin da ya fi yawa a kasuwa shi ne mai roba a ciki. In ka danna harafi, wata 'yar roba ce ke lotsawa ta haɗa shimfiɗu biyu masu layin wuta, sai kwamfuta ta gane me ka danna. Yana da araha, ba ya ƙara, amma in ya kwana biyu robar ta gaji sai ka ga kana danna "a" da ƙarfi kafin ta fito. Shi kuwa makanikal kowane maɓalli da nasa suwic da sifirin, shi ya sa ya fi tsada kuma ya fi ƙarko, in ɗaya ya lalace ana iya canza shi kaɗai. Sai dai a kula da kalar suwic ɗin, shuɗi akwai ƙara kas-kas-kas, in ɗaki ɗaya kuke kwana da iyali a Agege wallahi ba za su yi barci ba, gara ja ko ruwan ƙasa. Ni dai a ganina mai bizines senta da ke buga takardu safe zuwa dare ya daure ya sayi makanikal, yaron da ke koyon danne-danne saboda JAMB kuwa mai roba ya ishe shi.

Inda aka fi cutuwa shi ne tokumbo. Kayan na da kyau, musamman Dell da HP na ofis, amma ka kalli layin haruffa na sama da kyau. QWERTY ake so. In ka ga AZERTY na Faransa ne, in QWERTZ ne na Jamus ne, Z da Y sun yi musayar wuri. Na Ingila ma @ ɗinsa ba a kan lamba 2 yake ba kamar na Amurka, sai ka saita Windows ɗinka daidai da shi. Kuma kar wani ya ce maka akwai buƙatar kibod na musamman saboda ƙ, ɗ da ɓ, saiti ne kawai, ko ka sauke Keyman, wata manhaja ta rubuta irin waɗannan haruffa.

Maus kuma, jar fitilar nan ta ƙasa haska tebur take yi, wata 'yar kyamara tana ɗaukar hotuna dubbai a sakan ɗaya tana kwatanta su, a haka take gane inda hannunka ya nufa. Shi ya sa a kan tebur na gilas sai ya yi ta rawa, dole ka sa masa shimfiɗa.

Mai waya ko marar waya? A shago mai waya nake so, ba ruwanka da batir, kuma ba mai sa shi aljihu cikin sauƙi. Marar waya na mai yawo da laptop ne, amma ka tabbata ɗan USB ɗin nan da ake jonawa a kwamfuta don ta ji maus ɗin yana ciki, galibi yana maƙale kusa da batir, in babu shi kuma maus ɗin ba Bluetooth ba ne to ka yi asara.

Kafin ka miƙa kuɗi ka ce a jona maka, a buɗe Notepad, wato manhajar rubutu ta Windows, ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya har da Shift biyun, sannan a rubuta maka rasit mai sunan shago da lambarsa, don yawancin masu tare ka a bakin titi ba su da shago a ciki.